A Daina Ɗora Wa Netiwok Laifin Saƙonninmu

Wannan makon maganar imel ce, kuma ba za mu rufa wa kowa asiri ba.

Mun tara kuɗi an buɗe wa ƙungiya adireshi mai ɗauke da sunanta, muka yi ta alfahari. Sai ga sanarwar gasar gajerun labarai da muka tura tana dawo mana, wasu kuma ta faɗa musu akwatin tarkace har wa'adi ya wuce ba su gani ba. Da muka tuntuɓi wanda ya haɗa mana, wai netiwok ne. Wane irin netiwok ne yake tsame saƙonmu kaɗai?

Uwar garken da ke karɓar saƙo ba ta buɗe wa baƙo haka kawai. Sai ta leƙa rajistar DNS ta duba: sunan da ke bayan alamar @ yana nan kuwa? Yana da MX ko A? In babu, manhaja irin Postfix tana iya mayar da saƙon tun daga bakin zaure. Daga nan sai SPF, wato jerin na'urorin da muka yarje wa aikawa da sunanmu. Ƙa'ida ta ce layi ɗaya tak. Namu biyu aka rubuta, kuma biyu kuskure ne mai rusa duka. DKIM kuwa, sa hannun da ke shaida ba a taɓa saƙo a hanya ba, ko kunna shi ba a yi ba. Alhali tun Fabrairun 2024 Gmail ya gindaya cewa duk mai aiko masa sai da SPF ko DKIM, kuma lambar IP ɗinsa ta zo da PTR mai nuna sunanta.

Abin takaicin ma shawarar da ya kawo: wai a kashe binciken a tamu uwar garken. Haba malam! Mu ake kora a ƙofar wasu, kai kana cewa mu ɓalle tamu? Wannan ba zai isar da ko saƙo ɗaya ba, sai dai gobe ɗan damfara ya turo wa ma'ajinmu takarda da sunan shugaba, a tura kuɗin gasa.

Mu ma da namu laifin, mun biya ba mu gwada ba. Kafin taron Asabar muna so a miƙa wa sakatare mabuɗin rajistar, a haɗe layukan nan biyu, a kunna DKIM. Sannan a tura gwaji zuwa Gmail a gaban kowa, a buɗe asalin saƙon mu ga PASS da idonmu.