Dogon gashi ba a hoto ake gane shi ba

A Kwandiko da sauran ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, idan aka zo tsefe wa amarya kai, hannun makitsiya ne ke fara yanke hukunci kafin ido. Gashin da ya sha man shanu sulɓi yake yi a tsakanin yatsu, ya sauko har gadon baya bai karye a mataji ba. Ƙarnin man kuwa, turaren wuta da humra ke kashe shi, ƙamshin ya kwana a ɗankwali.

Yanzu 'yan mata sai su ga dogon gashi a TikTok, su ruga sayen gashin doki. Tsawo kam ana samu. Amma a hannu kamar zaren leda yake, in ya kwana biyu warin gumi ya taso, gashin gaban goshi kuma ya fara zubewa saboda tsananin ja.

Masu neman gyara sun koma yayin chebe da karkar, kayan Chadi masu tsada, alhali man shanu na cikin ƙwaryar mai tallar nono da ke wucewa ta ƙofar gidansu.