Tankar mai ta tsaya, amma direbanta ya yi barci?

Kusan duk litar fetur da ake sayarwa a Gusau da Tsafe da Bungudu a bayan tanka take zuwa. Akwai daffon NNPC a Gusau, akwai kuma bututun da aka shimfiɗa daga matatar Kaduna ya biyo ta Zariya domin ya riƙa cika shi, amma shekara da shekaru ke nan ba ta nan man da muke saye yake isowa ba. Daga Kudu ake ɗauko shi, daga Legas ko Warri ko Fatakwal, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye. Aikin da aka tsara bututu zai yi a ƙarƙashin ƙasa, yanzu mutum ne yake yin sa a kan sitiyari, da lita 33,000 ko 45,000 a bayansa.

Ana duba tayar motarsa, ana duba burki, ana duba lasisi. Abin da ba wanda ke rubutawa shi ne awa nawa ya yi barci kafin ya murza makulli.

Bayan gobarar tankar Majiya a Jigawa cikin Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, da ta mararrabar Dikko a Neja cikin Janairun 2025, an yi ta magana kan masu kwasar mai da lalacewar hanya da girman tankoki. Hukumar NMDPRA ta hana lodin tanka mai lita 60,000 daga 1 ga Maris, 2025. Matakin yana da kyau. Sai dai tanka mai lita 45,000 a hannun direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, ba ta rage komai daga haɗarinta ba.

Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa kan koma daidai da na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jininsa. Direban da bai taɓa kai barasa bakinsa ba, wanda ba ya wasa da sallah, yana iya shiga Bungudu yana tuƙi irin na mashayi, bai sani ba. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu ya kusa tsawon filin ƙwallo, ba kowa a kan sitiyari. Goro da shayi mai kauri, da ƙwayoyin da wasu ke haɗiya, suna buɗe ido ne kawai, ba sa biyan bashin barci.

Ƙasashen da suka ɗauki lamarin da gaske sun sa masa lissafi. A Tarayyar Turai direban babbar mota ba ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana, sau biyu kacal a mako aka yarje masa ya kai 10, kuma bayan awa huɗu da rabi dole ya huta minti 45. Wata na'ura a jikin motar ce ke rubuta komai. A Amurka awa 11 ne iyakar tuƙi, bayan hutun awa 10 a jere, kuma tun Disamban 2017 aka tilasta wa akasarin direbobin na'urar lissafin awoyi maimakon littafin da ake cikawa da biro.

Amma a can ma akwai inda aka bar kafa, kuma kafar ce ta fi kama da halin da muke ciki. Tun shekarun 1960 dokar Amurka ta yi wa direbobin da ke hidimar rijiyoyin mai sassauci biyu. Sauran direbobi sai sun huta awa 34 kafin lissafin makonsu ya koma farko, su kuwa awa 24 ta ishe su. Na biyu, direban da ke tuƙa motar da aka ƙera musamman don aikin rijiya, idan ya zauna a bakin rijiyar yana jira a kira shi, ana iya rubuta wannan jiran a matsayin ba ya bakin aiki. A takarda ya huta. A zahiri yana zaune cikin mota, injuna na ruri, kunnensa na jiran kira. Alƙaluman hukumomin lafiya na Amurka sun daɗe suna nuna cewa haɗarin mota ne ya fi kashe ma'aikatan rijiyoyin mai, ba gobarar rijiya ba.

Direbanmu kuwa rabin rayuwarsa jira ce. Yana jira a layin lodi a daffo, wani lokaci kwana da kwanaki, kuma ba zai yi nisa da mota ba don layi na iya motsawa da tsakar dare. Yana jira a shingen bincike. Yana jira a gidan mai kafin a auna a sauke. In ya tsaya kwana a Tafa ko Mararrabar Jos, shi da yaron mota ne masu gadi, domin litar da ta yi ɓatan dabo daga aljihunsa za a cire. Wanda ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tanka, sauro na cizo, rabin hankalinsa na kan famfon sauke mai, ba hutawa yake yi ba. Duk tsarin da zai ƙirga awoyin da injin ya yi a kashe ya ce wannan ne hutun direba, yaudarar kai ce kawai.

Zamfara ta ƙara wa lissafin nata nauyin. Hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Yankara, Tsafe, Kwatarkwashi, Gusau, Bungudu, Maru da Talata Mafara zuwa Sakkwato, kowa ya san ba a son dare ya riski mutum a kanta. A Afrilun 2024 gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirga a iyakar Yankara da ta Bimasa daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe saboda masu garkuwa da mutane. Ko da doka ko babu, tsoron 'yan bindiga ya riga ya tsara wa direba agogonsa. Wani zai ce ai wannan ma alheri ne, tunda an tilasta masa tsayawa da dare. Ban yarda ba. Abin da ya haifar shi ne tsere da rana: direban da jikinsa ya ce masa ya tsaya da azahar ba zai tsaya ba, don yana son ya fice daga dajin kafin magariba. Wanda ya makara kuma a bakin titi zai kwana, cikin jerin motoci, yana firgita da ƙarar kowane babur. Da asuba duk su kwararo a lokaci guda, daidai sa'ar da 'yan makaranta da masu zuwa kasuwa ke tsallaka titi a garuruwan da hanyar ta ratsa ta tsakiyarsu.

Ba kayan aiki muka rasa ba. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, FRSC, tana da shirin tantance kamfanonin sufuri masu motoci biyar zuwa sama tun 2007, tana da jami'ai a daffo masu duba tanka kafin a yi mata lodi, kuma tun 2017 take tilasta na'urar taƙaita gudu. Masu motoci da yawa sun riga sun sa na'urar bin diddigi, wadda ake kira tiraka. Mai mota yana zaune a Kano ko Gusau yana ganin tankarsa a waya, ya san inda ta tsaya da mintin da ta ɗauka. Don tsaron mansa ya sa ta, shi ya sa in mota ta daɗe a tsaye yake bugo waya yana faɗa. Wannan na'urar ce dai za ta iya nuna cewa motar ta yi awa 16 tana tafiya da direba ɗaya.

Shawarata ita ce a fara daga daffo. Takardar lodi ta ɗauki lokacin da direba ya shiga layi, ba lokacin da ya fita kaɗai ba, kuma a ƙirga jiran layi a matsayin aiki. Wanda ya kwana yana matsar da mota kada a sake shi ya kama hanyar Arewa sai ya samu barcin awa takwas, ko a ba shi direba na biyu. Sannan binciken ya kasance a ofishin mai mota, a kan bayanan tiraka, tarar kuma ta hau kansa. In aka miƙa wannan aiki ga masu tsayawa a bakin titi, mun san ƙarshensa: an ƙara wa direba wani shingen da zai ba da na goro, shi ke nan.

Direbobin da kansu za su iya ƙin wannan tsari, kuma suna da hujja. Yawancinsu samunsu ya dogara ne da yawan sawun da suka yi da abin da suka rage daga kuɗin hanya. Ka ce wa irin wannan mutum ya kwanta awa takwas, ka rage masa abinci ne. Nan ne aikin reshen direbobin tanka na NUPENG da ƙungiyar masu motoci ta NARTO yake: a sa kwanan hanya da jiran layi cikin abin da ake biya. Kuɗin dakon zai ɗan ƙaru, gaskiya ne, amma in aka raba kuɗin kwana ɗaya na direba a kan lita 45,000, abin da zai hau kan kowace lita bai taka kara ya karya ba. Manyan kamfanoni masu ɗaruruwan motoci, irin su matatar Ɗangote da ta shigo rarraba mai da motocinta a 2025, su ya fi wa sauƙi su fara.

Saura wurin kwanciya, kuma wannan na gwamnatin jiha ne da ƙananan hukumomi. Tsakanin Yankara da Bimasa ana buƙatar aƙalla tasha ɗaya ta manyan motoci mai katanga da jami'an tsaro, da ruwa da masallaci da ɗakin kwana, nesa da gidajen jama'a, inda direba zai ba mai gadi amanar mota ya karɓi shaidar lokacin shiga da na fita. Bungudu, da ke kusa da Gusau a kan hanyar Sakkwato, tana da fili kuma tana kan hanyar. Kuɗin shigar da kowace tanka za ta biya zai iya riƙe albashin masu gadi da man janareta, ƙaramar hukuma ma ta samu nata kason.