Filin Mata: Batirin Mutum-mutumin 'Yan Makaranta

Yaranmu kan komo daga makaranta da ɗan mutum-mutumi mai tafiya da batirin litiyom, mai taushin jikin nan. To, ku kula, garwashi ne cikin leda. In an kawo lantarki da dare, kada a bar shi yana caji bisa katifa a yi barci. A sa shi kan siminti, ido na kansa. In ajiya ce, rabin caji ya isa, cikin tukunyar ƙasa, nesa da murhu. Wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki, kada a huda shi. In ya kama wuta, a fid da yara, a zuba masa yashi, hayaƙinsa dafi ne.