Wasiƙa ga masu sabunta gine-ginen ofisoshi



Ina da magana da ku, masu zanen gini da dillalai da masu kula da gidajen haya na Kano da Kaduna da Abuja. Salon da ake yayi yanzu shi ne a sami tsohon bene, a lulluɓe fuskarsa da gilashi, a laƙaba masa suna mai "filaza" a ƙarshe, a ninka kuɗin haya. In an jima rabin ofisoshin suna kulle, mai gini yana tambayar me ya sa kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ɗan haya na yau wuta yake fara tambaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin lantarkin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wuta ta zama haya ta biyu. Gilashin nan da kuke ƙawata gini da shi, in ya kalli yamma, zafi yake tarawa, na'urar sanyaya ɗaki ta yini tana shan wuta, ɗan haya ne kuma zai biya. Da kuɗin gilashin gara a sa sola a rufi, a ba kowane ofis mitarsa, a ja wayar intanet kafin a yi silin. Sai ruwa, da bayin mata daban, da wurin salla, da wurin ajiye mota. Tun zamanin korona ma'aikata da yawa ba kullum suke zuwa ofis ba, don haka ƙananan ɗakuna da zauren taro na haɗaka sun fi saurin samun mai kamawa.

Batun suna kuwa, ku bi a hankali. Dogon benen nan na Chicago a Amurka, Sears Tower, an mayar da shi Willis Tower a 2009, amma har gobe mutanen garin da tsohon sunan suke kiransa. Balle a nan, inda ɗan adaidaita sahu shi ne taswirar baƙo. Ku bar tsohon sunan a jikin allo, ko da a ƙasan sabon ne.

Don Allah, kafin ku kira mai fenti, ku zauna da 'yan hayar da suka tashi, ku ji abin da ya kore su.