Makamin da Ba Ya Komawa Kube

Har yau akwai masu yabon Stuxnet, wai yaƙi ne da aka ci ba tare da zubar da jini ba. Mu dai ba mu yarda ba.

A watan Yunin 2010 wani ƙaramin kamfanin tsaron kwamfuta a Belarus ya gano wata muguwar manhaja da ba a taɓa ganin irinta ba. Ta filashi take shiga, ta bi kwamfutoci masu Windows tana farautar na'urorin Siemens da ke sarrafa injinan tace yuraniyom a Natanz, ƙasar Iran. In ta same su, sai ta ƙara wa injinan gudu fiye da ƙima, ta dawo ta rage, har su lalace, alhali allon ma'aikata yana nuna musu komai lafiya lau. An ƙiyasta injina kusan 1,000 suka salwanta. A 2012 jaridar New York Times ta ruwaito cewa aikin Amurka ne da Isra'ila.

Masu yabo suna cewa hakan ya fi ruwan bama-bamai sauƙi. To amma bam in ya fashe ya ƙare. Manhaja kuwa in ta fita, kowa zai iya kwafarta, ya warware ta, ya ɗauki darasi. Stuxnet ta tsallake Iran ta bazu a ƙasashe da dama, duk mai so ya duba cikinta.

A Disambar 2015 masu kutse suka katse wa mutum sama da 200,000 lantarki a Yukiren, ana tsakiyar hunturu. A 2017 aka gano Triton a wata masana'antar sinadarai a Saudiyya. Ita kuma tsarin da ke kashe injina idan haɗari ya taso ta nufa, wato abin da ke kare rayukan ma'aikata. Ba mu ce hannu ɗaya ne ya yi duka ba. Cewa muka yi wanda ya fara ya halatta wa na baya. Shi ya sa ake cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

A 1993 duniya ta rattaba hannu kan haramta makamai masu guba. Irin wannan yarjejeniya muke nema, wadda za ta hana taɓa tashoshin lantarki, matatun ruwa da asibitoci. Jaririn da ke cikin kwalba a asibiti bai san rikicin nukiliya ba, amma in wuta ta ɗauke, shi zai fara biya.