Ga mai son haɗa wa 'yan ɗaki wasa ranar Juma'a

'Yan uwa, na Sana'iyya da na Wakra da na Al Khor da duk inda kamfani ya ajiye mutum. Yau ba maganar biza ko canjin kamfani ba ce. Maganar wasa ce, amma ku daure ku karanta, don da albashinku a ciki.

Kowa ya san yadda Juma'armu take. An sauko masallaci, an ci abinci, an kira gida, an yi wanki, saura zaman gado da danna waya. A nan ne wani zai fito da kati ko ludo. Da farko nishaɗi ne, can sai a ce a ɗora riyal biyar don wasa ya yi armashi, kafin wata ya mutu wani na bin wani ɗari biyu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Maris 2021 riyal 1,000 ne, da 500 na masauki da 300 na abinci in kamfani bai ba ka su ba. To ina rarar da za a yi caca da ita? Ga haramci a addini, ga dokar Katar ta sa mata ɗauri da tara, kuma bashin caca ne ke haifar da dambe a ɗaki, damben da zai iya sa a tasa ƙeyar mutum gida ba shiri.

Shi ya sa nake ganin wasan da ya fi dacewa da mu shi ne wanda ba wanda ke cin wani. Akwai irinsa. Wanda na fi sani shi ne Pandemic, wani Ba'amurke Matt Leacock ya ƙirƙiro shi, ya fito a 2008. Taswirar duniya ce a kan kwali, birane 48, cututtuka huɗu kowacce da launinta. Ku 'yan wasa duk ɓangare ɗaya kuke, kwalin ne abokin gabarku. Ko ku samo maganin cututtukan huɗu ku yi nasara tare, ko annoba ta ɓarke sau takwas ku faɗi tare. Gayya ce kawai aka mayar wasa. Legas na ciki, Riyadh na ciki, Khartum da Alƙahira na ciki. Kano dai ba su sa ta ba, Allah Ya isa.

Matsalar ita ce na mutum biyu zuwa huɗu ne, mu kuwa da an baje abu a ƙasa sai mutum goma sha biyar sun zagaye shi, ba wanda ya taɓa gani. Kada ka kori kowa. 'Yan wasa huɗu ne a kan kwalin, to ka ba kowane ɗaya mutum uku, ya zama gida huɗu. Kowane gida ka tabbata da mai iya karanta Turanci guda, don sunayen biranen da Turanci suke, sauran launi ya ishe su. Waɗanda suka rage ka ba su aiki: wani ya riƙa jan katin cuta yana kiran sunan gari da ƙarfi, wani ya riƙa ɗora ƙwayoyin, wani ya lura da adadin ɓarkewar annoba. Mai shayi ma ɗan wasa ne. In da ɗan Nepal ko ɗan Uganda a ɗakin a sa shi a wani gida, da guntun Larabci da nuni da yatsa ana fahimtar juna, ai haka muke yi a wurin aiki.

Kada ka zauna karanta musu takardar dokoki daga farko har ƙarshe. Wallahi kafin ka kai rabi rabinsu sun koma TikTok. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a rubuta wa ƙolo izu guda ranar farko, ɗan layi ake ba shi, ya biya, ya wanke, a ƙara. Ka faɗa musu abu uku: yadda ake ci, yadda ake faɗuwa, da cewa kowane gida motsi huɗu gare shi in layi ya zo kansa. Sauran, kamar tara kati biyar masu launi ɗaya don haɗa magani, ko abin da ke faruwa in garin da ke da ƙwaya uku ya sake kamuwa, ka bari sai abin ya taso. Katin annoba huɗu za ka sa a zagayen farko, ba biyar ko shida ba, kuma kowa ya baje katinsa a fili. Haka masu wasan da kansu suka tsara wa sabon shiga.

Yanzu ga inda na fi so a ji ni. Babban abin da ke kashe irin wannan wasa shi ne kai da ka iya. Tunda duk ɓangare ɗaya ake, sai ka ga gwani ya karɓe komai: kai je Legas, kai ba shi katin nan, a'a ba haka ba, kawo in nuna maka. Sai ya zama mutum ɗaya ke wasa, goma sha huɗu na kallo. Ɗan uwa, mutanen nan kwana shida suna ƙarƙashin fomen, tun kafin gari ya waye bas ta kwashe su, an ce ɗauki, an ce ajiye, ba wanda ya tambayi ra'ayinsu. Ranar hutun ma kai za ka zame musu wani fomen? In ka san wasan, kada ka shiga kowane gida. Ka zama alƙali. Aka tambaye ka doka ka amsa, aka tambaye ka me za mu yi ka ce ku za ku yanke. Ko kana ganin za su faɗa rami, ka kame bakinka.

Wani zai ce ai in an bar su za su faɗi, in sun faɗi ba za su dawo ba. Ni ban yarda ba. Mutanen da suka faɗi da shawarar kansu su ne za ka ji suna gardama har bayan isha'i, wannan na cewa da an tare Riyadh, wancan na cewa laifin gidan su wane ne. Su ne kuma za su ce a sake. Wanda aka ja shi kamar raƙumi da akala har aka ci, shi ne Juma'a mai zuwa zai ce kansa na ciwo.

A cikin gidan ma ka sa ido. Cikin mutum uku dole akwai mai baki da mai shiru, musamman baƙon da bai fi wata ɗaya da sauka ba, wanda har yanzu hankalinsa na kan kuɗin da ya ranto ya ba ejan. Ka sa doka: magana ta kowa ce, amma hannun da zai motsa ɗan wasan yana zagayawa, kuma mai hannu shi ke da ta ƙarshe. Shawara kada ta wuce minti biyu.

A kwalin sun rubuta minti 45, amma da taron sababbi ku ƙaddara ninki biyu. Ku fara bayan la'asar ku tashi kafin magariba, kuma ku tuna da masu aikin dare da ke barci a gadon sama. Kuɗin saye a yi karo-karo, a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, a kuma yanke tun yanzu hannun wa zai zauna in an canza wa wani masauki. Ƙwayoyin 24 ne kowane launi, a ƙirga su kafin a rufe kwalin.