Kada Mu Ɗora wa Canjin Yanayi Laifin Kowane Zazzaɓi

Ya kai mai karatu, idan a Hotoro kake zaune, ba sai an ba ka labarin ƙarshen watan Fabrairu zuwa Afrilu ba. Da asuba ka fito masallaci cikin rigar sanyi, kafin azahar ɗakin kwano ya zama tanda. Yau hazo ya koma kamar hunturu bai tafi ba, gobe rana ta take, har zafi ya kai maki 40 a ma'auni. Can kuma sai hadari ya taso da guguwa, ya watsa ƙura ya wuce ba ɗigo.

A wannan tsakani akwai maganar da ta zama ruwan dare a gidajenmu. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, a ce canjin yanayi ne. Tsohuwa ta wuni a galabaice, a ce canjin yanayi ne. Ra'ayina shi ne, wannan magana tana cin rayuka, domin da zarar an furta ta sai hankali ya kwanta, a aika kemis, a jira gobe.

Gaskiya ne mura da tari da kaikayin ido suna yawaita yanzu, kuma galibinsu kan wuce da hutu da shan ruwa. Sai dai wannan ne kuma lokacin sanƙarau. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cuta ta sami ƙofa, cunkoso a ɗaki mara taga kuma ya yaɗa ta. Manyanmu ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da annobar ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, Kano na cikin inda ta fi yin ɓarna. A 2017 ta sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina.

Saboda haka ka riƙe alamominta: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, sanƙarewar wuya, amai, ƙin kallon haske, ruɗewa ko jijjiga. Ga jariri kuwa, kumburin maɗiga, ƙin kama nono, da kuka ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya nuna waɗannan, a kai shi asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne, domin cutar tana iya kisa cikin kwana guda. Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano duk suna da sashen gaggawa.

Na san abin da za ka ce. Magidancin da ke aikin yini a wata masana'anta a Sharada ko Challawa ko Bompai, in ya rasa fita yau, ya rasa cefanen gobe, ga kuɗin A Daidaita Sahu, ga na kati da magani. Wannan uzuri ne na gaske, ban raina shi ba. Amma ka auna shi da wannan: cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau, kusan ɗaya kan rayu da tabo, kamar kurumta ko farfaɗiya. A nan ne zumunci ke da aiki. In maigida ba ya nan, maƙwabci ya ɗauki yaron, ƙanin uba ya ranta kuɗin. Kuma tun yau maigida ya ba uwargida izinin tafiya asibiti ba tare da jiran dawowarsa ba.

Sauran abin da ya rage mai sauƙi ne. Ka leƙa iyayenka da rana tsaka, domin tsoho ba ya jin ƙishi da wuri, sai an miƙa masa ruwa. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya daina maganinsa don zafi, sai da shawarar likita. Abokinka da ke tsaye gaban inji ya duba fitsarinsa, in ya yi duhu, jiki na neman ruwa. Jaririn da bai kai wata shida ba nono zalla ya ishe shi, uwar ce za ta ƙara shan ruwa. In gudawa ta kama yaro, a dama garin ORS, in babu, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu. A buɗe tagogi da dare, a rage cunkoso a ɗaki. A kuma duba katin rigakafin yara, domin ƙyanda ma yanzu take yawo. A shekarar 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar sanƙarau. In masu rigakafi sun zo unguwa, a fito musu da yara.

Damina na nan tafe, kuma da saukar ruwa sanƙarau kan ja da baya. Kafin nan, duk wanda ya ce maka canjin yanayi ne, ka taɓa goshin mara lafiyar, ka ce ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. In ya kasa, ku kama hanya. In ma ya iya amma jikin bai yi maka ba, gara a je a dawo da dariya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kai mu damina lafiya.